Ƙasar Farisa: Kangayen Sarakuna da Garuruwan Malamai

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya sanya hanyoyi a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Duk almajirin da ya daɗe a gaban malami ya sha cin karo da waɗansu sunaye a bangon littattafai, irin su Naisaburi da Ƙazwini da Ɗabari da Razi da Baidawi da Fairuzabadi. Sau da yawa ya kan haddace su kamar sunayen yanka ne, alhali kuwa kowannensu sunan gari ne ko lardi aka jingina wa mutum, kamar yadda a ke cewa Bakano ko Bazazzagi. Wuraren nan duka suna ƙasar Farisa, wadda tun shekarar 1935 hukumarta ta nemi duniya ta riƙa kiranta Iran. Waɗansu garuruwan suna raye da kasuwanninsu, waɗansu kuwa sun zama kufai.

Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar da mutane a wurare da dama su zaga duniya da idon basira, domin su wa'aztu da abin da ya sami al'ummomin da suka shuɗe. Suratur Rum tana cikin surorin da suka zo da wannan kira, kuma malaman tafsiri sun bayyana cewa farkonta ya sauka ne a kan yaƙin Rumawa da Farisawa. Saboda haka karatun wannan mako zai bi manyan wuraren tarihin Farisawa ɗaya bayan ɗaya, da tambaya guda a zuciya: daga cikin abin da masu mulki da masu dukiya suka kashe wa kuɗi, wanne ne ya rushe, wanne ne kuma har yanzu a ke cin amfaninsa?

MADA'IN, FADAR KISRA

Wurin da ya kamata a fara da shi ba ya cikin Iran ta yau. Yana ƙasar Iraƙi, kimanin kilomita 35 kudu maso gabas da Bagadaza, a bakin kogin Dijla. Nan ne Mada'in, babban birnin sarakunan Sasaniyawa, waɗanda Larabawa ke kiran kowane sarkinsu Kisra. Abin da ya rage na fadar shi ne wani ƙasaitaccen zaure mai rufin baka da a ke kira Iwanu Kisra. Tsayinsa ya kai mita 37, faɗinsa mita 26, an gina shi da tubali ƙonanne, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa. A nan sarki ya kan zauna ya karɓi jakadu, da kambin zinariya mai nauyin da sai an rataye shi da sarƙa daga sama.

Ɗaya daga cikin sarakunan nan, watau Kisra Abrawiz, shi ne ya kekketa wasiƙar da Annabi (S.A.W.) ya aika masa. A shekarar 628 Miladiyya ɗansa Shirawaihi ya tumɓuke shi ya sa aka kashe shi. Shekara tara bayan haka, a 637, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.) ya shiga Mada'in bayan yaƙin Ƙadisiyya, ya yi salla a cikin zauren nan. Aka sake gwabzawa a Nahawand a 642, sa'an nan aka kashe sarkinsu na ƙarshe, Yazdajird, a Marwa a 651. Daular da ta yi shekara fiye da 400 ta ƙare ke nan. Ambaliyar ruwa ta shekarar 1888 ta cinye ɓangare guda na fuskar ginin, saura kuma yana ta tsagewa a na tallafarsa da gyare-gyare.

Ɗan tafiya kaɗan daga zauren akwai kabarin Salmanul Farisi (R.A.), mutumin da ya bar gidan ubansa da bautar wuta ya yi ta yawon neman gaskiya har aka sayar da shi bawa aka kai shi Madina. Shi ne ya ba da shawarar haƙa gwalalo a yaƙin Khandaƙ, daga baya kuma ya zama gwamnan Mada'in. Garin da ke wurin a yau ba da sunan wani Kisra a ke kiransa ba. Sunansa Salman Fak, watau Salmanu mai tsarki.

TAKTI JAMSHID DA KABURBURAN SARAKUNA

Daga nan sai matafiyi ya nufi lardin Faris da ke kudancin Iran, inda sunan ƙasar duka ya samo asali. Kimanin kilomita 60 arewa maso gabas da Shiraz akwai kangon da mutanen ƙasar ke kira Takti Jamshid, watau gadon sarautar Jamshid, Turawa kuma su ce Farsifolis. Sarki Dariyus na ɗaya ya soma gininsa wajen shekara ta 518 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), magadansa suka ci gaba har fiye da shekara ɗari. An sassaƙe gindin dutse aka yi dandamali mai faɗin gaske, a na hawa ta wata matakala mai hawa 111. Babban ɗakin taro ya tsaya a kan ginshiƙai 72, kowanne tsayinsa wajen mita 20. Waɗanda ke tsaye a yau ba su kai goma sha biyar ba.

A jikin matakalar ɗakin taron an zana tawagogi 23 na ƙasashen da ke ƙarƙashin sarkin, kowace da irin tufafinta da gaisuwar da ta kawo: masu raƙuma, masu dawakai, masu tulunan zinariya, har da mutanen Afirka ɗauke da haurin giwa. A shekara ta 330 kafin haihuwar Annabi Isa, Iskandar na Makidoniya ya ci birnin, ya kwashe taskarsa, aka cinna masa wuta. Da zamani ya yi nisa har sunan wanda ya gina shi ya ɓace wa jikokinsa, shi ya sa suka jingina shi ga Jamshid, wani sarki na cikin tatsuniyoyinsu. Sarkin Buwaihawa Adudud Daula ya ziyarci wurin a shekarar 344 Hijiriyya, ya sa aka karanta masa tsofaffin rubuce-rubucen Fahlawanci, ya kuma bar nasa rubutun da Larabci a jikin dutse, yana nan har gobe.

Kangon nan ya sake ganin wani darasin a kusa-kusa. A watan Oktoba na 1971 Sarkin Iran Muhammadu Rida Fahlawi ya tara sarakuna da shugabannin duniya a gindinsa domin bikin cikar sarautar Farisa shekara 2,500. Aka kafa tantuna na alfarma, aka kawo abinci daga birnin Faris na Faransa. A watan Janairu na 1979 ya bar ƙasar bai sake dawowa ba, ya rasu a Alƙahira a 1980. Ƙarafan tantunan sun daɗe a wurin suna tsatsa.

Kusa da nan akwai Naƙshi Rustam, inda aka sassaƙa kaburbura huɗu a fuskar dutse can sama, ɗaya na Dariyus ne. A ƙarƙashinsu an zana Sarki Shafur bisa doki ranar da ya kama Sarkin Rum Baleriyan a shekarar 260 Miladiyya. Gaba kuma, a Fasargad, akwai kabarin Kurush wanda ya kafa daular, ɗan ƙaramin ɗaki na dutse bisa matakai shida. Shekaru aru-aru mutanen yankin suna kiransa kabarin mahaifiyar Annabi Sulaimanu, har aka sassaƙa alƙibla a cikinsa.

SHIRAZ DA LIMAMIN NAHAWU

Masu yawon buɗe ido su kan je Shiraz domin lambunanta da kaburburan mawaƙanta biyu. Sa'adi, wanda ya rubuta Bustan a 1257 da Gulistan a 1258, littattafan hikima da tarbiyya da aka daɗe a na karantar da yara da su tun daga Turkiyya har Indiya. Da kuma Hafiz, wanda ya rasu wajen 1390, aka yi masa wannan laƙabi saboda ya haddace Alƙur'ani. Su kan kuma yi sammako zuwa masallacin Nasirul Mulki, wanda aka gama a 1888, domin su ga hasken hantsi ya ratso gilasai masu launi ya zuba bisa dardumai.

Amma ɗalibin Larabci yana da wata ziyarar da ta fi waɗannan. A wata tsohuwar unguwa mai suna Sangi Siya, watau baƙin dutse, akwai ɗan ƙaramin gini da ke kan kabarin Sibawaihi. An haife shi a Baida ta lardin Faris, Farisanci ne harshen gidansu. Ya tafi Basra neman hadisi wurin Hammadu ɗan Salama, wata rana ya yi lahani a karatu, malamin ya gyara masa a gaban jama'a. Kunyar wannan ta sa ya ɗauki alkawarin neman ilmin da ba wanda zai sake kama shi da kuskure. Ya lazimci Halilu ɗan Ahmad, ya tattara ƙa'idojin harshen Larabci a littafi guda, wanda bai sa masa suna ba, bai kuma yi masa gabatarwa ba. Malamai suka riƙa ce masa Alkitab kawai, watau Littafin.

Daga baya ya tafi Bagadaza, aka haɗa shi muƙabala da Kisa'i, malamin 'ya'yan Halifa, a gaban waziri Yahaya Barmaki, a kan wata jimla da ta shafi harbin kunama da na zirnaƙo. Aka kira Larabawan ƙauye da ke bakin ƙofa su raba gardama, suka goyi bayan Kisa'i. Sibawaihi ya koma ƙasarsu da baƙin ciki, ya rasu wajen shekarar 180 Hijiriyya yana da sauran ƙuruciya. Almajirinsa Ahfash ne ya yaɗa littafin bayansa. Duk wanda ya karanta Ajurumiyya ko Alfiyyar Ibnu Malik a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, daga rijiyar mutumin nan ya sha, ko ya sani ko bai sani ba.

Lardin nan ne kuma ya haifi Majduddini Fairuzabadi a 1329, wanda ya rasu a Zabid ta Yaman. Ya sa wa littafinsa na lugga suna Alƙamusul Muhiɗ, ma'anarsa teku mai kewaye. Littafin ya shahara har kalmar ta bar ma'anar teku ta koma sunan kowane littafin fassarar kalmomi, kuma daga nan Hausa ta sami kalmar ƙamus. Alƙali Baidawi, mai tafsirin Anwarut Tanzil, ɗan garinsu Sibawaihi ne, ya kuma yi alƙalanci a Shiraz. Tafsirinsa yana cikin waɗanda Malam Abdullahi na Gwandu ya dogara da su a Liya'ut Ta'awil.

YAZD, GARIN DA BA KOGI

Idan aka bar Shiraz aka nausa arewa maso gabas, sai a shiga hamada a iske Yazd. Tsohon garin duka ginin ƙasa ne, da lunguna masu rufi da soraye, wanda ya saba da cikin birnin Kano ko Agadas ba zai ji baƙunta ƙwarai ba. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2017. A bisa rufin gidaje akwai hasumiyoyi masu tsaga da a ke kira badgir, suna kamo iska daga sama su tura ta cikin ɗaki, zafi kuma ya fita ta ɗaya gefen. Ta lambun Daulatabad ta kai mita 33.

Abin da ya rayar da garin kuwa yana ƙarƙashin ƙasa, shi ne ƙanat. Ga yadda a ke yinsa. A kan je gindin dutse inda ruwa ke kwance a ƙasa a haƙa uwar rijiya har a tarar da shi. Sa'an nan daga wajen gari a soma haƙo rami a kwance a nufi rijiyar, da ɗan gangare kaɗan yadda ruwa zai gudana da kansa ba ya zaizaye ƙasa. A kan hanya a na haƙa ƙananan rijiyoyi a jere domin fitar da ƙasa da shigar iska ga masu aiki. Wani ramin ya kan yi tafiyar kilomita da yawa, kuma uwar rijiyar ƙanat na Gonabad ta kai zurfin mita 300. Rabon ruwa da lokaci a ke yinsa: a ɗora ƙaramar tasa mai huda a bisa ruwa, duk sa'ad da ta nutse an ƙirga ɗaya, kowane manomi da adadinsa. Masanin lissafi Alkaraji ya rubuta littafi a kan wannan sana'a shekara dubu da suka wuce. Masu hali sun riƙa gina manyan tankunan ruwa a unguwanni su bar su waƙafi. Ba a san sunayen mafi yawan mahaƙan nan ba, amma waɗansu ramukan da suka haƙa suna ba da ruwa har yau, ko da ya ke rijiyoyin burtsatse sun ƙafar da da yawa daga cikinsu.

A Yazd ne kuma matafiyi zai ga sauran Majusawa, mabiya Zaradashta. Suna da ɗakin wuta da aka gina a 1934, inda su ke cewa wutar cikinsa ba ta mutu ba tun wajen shekarar 470 Miladiyya. Kasancewarsu a nan bayan ƙarni goma sha huɗu yana da asali a fiƙihu, domin Halifa Umar (R.A.) ya karɓi jiziya daga Majusawa bayan Abdurrahman ɗan Aufu ya shaida cewa Annabi (S.A.W.) ya karɓa daga Majusawan Hajar.

ISFAHAN

Farisawa su kan yi wa Isfahan kirari da rabin duniya. Wanda ke son ganin tarihin ginin masallaci a wuri guda sai ya fara da tsohon masallacin Juma'a. An sake gina shi a zamanin Abbasiyawa a 841, kowace daula kuma ta zo ta ƙara nata. Waziri Nizamul Mulki ya gina babbar ƙubba a gefen alƙibla wajen 1086. Abokin hamayyarsa Tajul Mulki ya ga haka, ya gina tasa a gefen arewa a 1088, ƙarama amma ta fi tsari, tubali zalla ba fenti. An kashe Nizamul Mulki a 1092, Tajul Mulki ma bai daɗe ba aka kashe shi. Gobarar 1121 ta cinye yawancin masallacin ta bar ƙubbobin biyu, suna nan suna fuskantar juna shekara fiye da 900. Bayan gobarar ne aka yi wa farfajiyar manyan zauruka huɗu, ɗaya a kowane gefe, tsarin da ya zama abin koyi ga masallatan ƙasar.

Nizamul Mulkin nan shi ne ya kafa makarantun Nizamiyya a Bagadaza da Naisabur da waɗansu birane, ya yanka wa malamai albashi, ya ciyar da ɗalibai. Shi ya naɗa Imam Gazali malami a ta Bagadaza a 1091. Ashe ba za a ce littafi ya wadatu daga mai mulki ba. Da yawa daga cikin littattafan da suka rage, a inuwar waƙafin wani sarki ko waziri aka rubuta su.

A 1598 Sarki Abbas na daular Safawiyya ya mai da Isfahan babban birninsa, ya shata dandalin Naƙshi Jahan, tsawonsa mita 560, faɗinsa 160. A gefe guda ƙofar kasuwa, a wani gefen fadar Ali Ƙafu, daura da ita ƙaramin masallacin Shaihu Luɗufullah, a kudu kuma babban masallacin da aka soma a 1611, wanda a yau a ke kira masallacin Imam. Dandalin bai daidaita da alƙibla ba, saboda haka maginin ya karkatar da mashiga cikin hikima, mai shiga ya kan juya dama bai ankara ba sai ya ga kansa yana fuskantar Makka. Bango da ƙubba duk an lulluɓe su da tangaran shuɗi, da ayoyi cikin rubutun sulusi. Wanda ya tsaya a tsakiyar ƙubbar ya yi magana, muryarsa ta kan dawo masa sau da yawa. A kan kogin Zayanda akwai gadar nan mai baka 33, sai dai a shekarun nan kogin ya kan yi watanni a bushe saboda fari da yawan janye ruwa. Daular da ta yi wannan ƙawa ita ma ta faɗi a 1722, bayan mayaƙan Afganistan sun tsare birnin wata shida har yunwa ta ci mutane.

Wanda ke da sarari ya kan ratsa yamma zuwa Hamadan, ya ga kabarin Ibnu Sina mai littafin Alƙanun na likitanci, wanda ya rasu a 1037. Garin ne kuma mahaifar Badi'uz Zaman, wanda ya buɗe ƙofar rubutun maƙama, Hariri ya biyo sawunsa da Maƙamat ɗin da a ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa.

HURASAN

Ƙarshen tafiyar shi ne arewa maso gabas. Naisabur ta kasance ɗaya daga cikin manyan biranen ilmi na duniyar Musulmi. A nan aka haifi Imam Muslim, a nan ya rasu a 261 Hijiriyya. A nan Imamul Haramaini Juwaini ya karantar, a nan Ƙushairi ya rubuta Risalarsa. A 1221 rundunar Mangolawa ta ci birnin ta karkashe mutanensa. Matafiyi zai ga kabarin Umar Hayyam, masanin lissafi da taurari wanda ya yi aiki a gyaran kalandar 1079, da na Fariduddini Aɗɗar, da shagunan dutsen firoza da a ke haƙowa a duwatsun yankin. Birnin da Imam Muslim ya sani kuwa tuddan ƙasa ne a gefen garin yanzu. Sahihinsa yana kowane masallaci.

Haka labarin Ɗus ya ke. An haifi Gazali a nan a 1058. Ya kai ƙololuwar ɗaukaka a Bagadaza, sa'an nan a 1095 ya ajiye muƙaminsa ya fita da kayan matafiya zuwa Sham da Ƙudus da Makka, cikin wannan hali ya rubuta Ihya'u Ulumid Din. Ya koma garinsu ya rasu a 1111. An rushe Ɗus a 1389. Abin da a ke gani a yau shi ne ragowar ganuwa, da wata tsohuwar ƙubba mai suna Haruniyya wadda aka ajiye dutsen tunawa da Gazali a gabanta, da ginin da aka yi a 1934 bisa kabarin Firdausi. Shi Firdausi ya shafe wajen shekara 30 yana tsara Shahnama, tarihin sarakunan Farisa cikin baiti kimanin 50,000, ya gama a 1010. Littafin nan yana cikin manyan dalilan da suka tsare harshen Farisanci, wanda a ke rubutawa da haruffan Larabci da ƙarin haruffa huɗu, kamar yadda Hausa ta yi da ajami.

Kilomita kaɗan daga Ɗus akwai Mashhad, birni na biyu a girma a Iran. A wata gona a nan aka binne Halifa Haruna Rashid a 809. Shekara tara bayan haka aka binne Aliyu ɗan Musa Rida, jikan Annabi (S.A.W.), a kusa da shi. Miliyoyin mutane ke zuwa kowace shekara, kuma ba domin Halifan su ke zuwa ba. A harabar akwai masallacin Gauharshad na 1418, wanda wata sarauniya ta gina, da ɗakin karatu mai ɗimbin littattafan hannu, har da tsofaffin Alƙur'anai cikin rubutun Kufi.

LADUBBAN MAI ZIYARA

Ya kamata matafiyi ya san cewa yawancin mutanen Farisa Ahlus Sunna ne, Shafi'awa da Hanafawa, har zuwa 1501 sa'ad da Sarki Isma'ila Safawi ya mai da Shi'a Imamiyya mazhabar hukuma. A yau su ne mafi rinjaye, Ahlus Sunna kuwa sun fi yawa a cikin Kurdawa da Balushawa da Turkumawa. Baƙo zai ji ƙari a kiran salla, zai ga a na sujada bisa ɗan curin yumɓu, a na kuma haɗa salloli. Sai ya riƙe abin da ya koya wurin malamansa, ya yi sallarsa, ya bar jayayya a gidan mutane. Saɓanin mazhaba ba zai sa a yar da tarihin Muslim da Ibnu Majah da Gazali ba. Ibnu Haldun da kansa ya lura cewa mafi yawan waɗanda suka ɗauki ilmi a Musulunci ba Larabawa ba ne. Idan ya je kabari, ya yi sallama ya roƙa wa mamaci gafara, ya tuna tasa makomar, ya sani Allah kaɗai a ke roƙo.

Bazara da kaka sun fi daɗin tafiya, domin rani yana da tsananin zafi a kudu, hunturu kuma da ƙanƙara a arewa. Wajen 21 ga Maris a ke bikin Nairuz, sabuwar shekararsu, masaukai su kan cika maƙil har mako biyu. Kalandarsu daga Hijira ta ke ƙirgawa, amma da shekarar rana. Dokar ƙasar ta wajabta wa mata rufe kai, ta kuma hana giya. Tun da yankin ya sha fama da rikici, har da yaƙin kwana 12 tsakanin Isra'ila da Iran a watan Yuni na 2025, wajibi ne mai niyya ya bincika halin tsaro kafin ya ɗaura kaya, domin tsare rai ya gabaci yawon buɗe ido.

Kada kuma ya ɗauka abin da ke tsaye yau zai jira shi har abada. Birnin Bam mai ganuwar ƙasa ya yi ƙarnuka a tsaye, girgizar ƙasa ta asubahin 26 ga Disamba 2003 ta rushe shi cikin daƙiƙoƙi, mutum fiye da 26,000 suka rasu.

Wanda Allah bai nufe shi da zuwa ba, bai rasa rabonsa duka ba. A gidajen malamai da yawa na ƙasar Hausa akwai Ƙamus da Ihya'u da Baidawi rubutun hannun kakanni, cikin gafaka, gara da ɗigon damina suna cinsu a hankali. Wannan ma gadon Farisa ne, ya ratso hamada a bayan raƙumi. Mai irinsa ya fito da shi ya kakkaɓe, ya adana shi inda ruwa ba ya kaiwa, ya kuma nemi wanda zai karantar da yaransa shi.

Allah ya jiƙan malaman da suka gabata, ya saka wa duk wanda ya gina masallaci ko makaranta ko ya haƙa rijiya, ya sa a amfana da abin da aka karanta. Amin.